Fanel mara suna daga kayan gwangwan a Bauchi: yadda aka gano na gwajin furosesa 6502 ne

## Asalin lamarin

Mutumin da abun ya faru da shi mai gyara ne, shagonsa na wajen Wunti a cikin garin Bauchi, da rediyo da talabijin ya fara tun zamanin masu ƙeya, yanzu kuma yawancin aikinsa inbata ne da kayan sola da pawa na kwamfuta. Yana da yara masu koyon aiki a hannunsa. Akwai wani ɗan gwangwan da suka saba, duk sanda ya haɗo kayan lantarki sai ya fara biyowa ta shagon kafin ya kai wurin awo, mai gyaran ya zaɓi abun da zai iya cire kaya a jiki ya biya shi.

A ƙarshen watan Nuwamba, sanyi ya fara shigowa, ɗan gwangwan ya zo da buhu ya ce wani sito aka share. A cikin tarkacen akwai wani fanel da bai wuce tafin hannu ba, tsawonsa santimita 12 faɗinsa 8, babu sunan kamfani babu lamba babu komai. A tsakiyarsa akwai koren soket mai ƙafa 40, irin mai ɗan hannu a gefe da ake ɗagawa a saka IC, wato baƙin gutsuren lantarki mai ƙafafu a jere, a sauke ya maƙe shi. Daga gefe wata faffaɗar waya mai layi 40 ta fita kaman taki ɗaya, ƙarshenta filogi ne shi ma mai ƙafa 40, siffarsa sak ta IC. Sai ƙananan makunnai guda 8 a jere cikin gida ɗaya, da rizisto 8 dukkansu kala ɗaya, rawaya da shuɗi-ja da ja, wato 4.7k. Sai ƙugiyoyin ƙarfe 5 a baki, an rubuta musu da biro ST, SP, CK, G da +5. In ka juya bayansa za ka ga ba aikin kamfani ba ne, siraran wayoyi ne wani ya bi ɗaya bayan ɗaya da hannu, kuma aikin mai tsafta ne sosai. A nan bayan an manna wata ƴar takarda da salatif wanda ya koma ruwan ƙasa, rubutun ya dushe amma ana iya karanta layin farko: UUUU, FFFF, 8484, P763, can ƙasa kuma 0003.

IC ko ɗaya babu a jikin fanel ɗin. Wannan ne ma ya sa ya ajiye shi bai farke ba, don babu abun cirewa sai soket ɗin, kuma ya ce hannun da ya yi wannan wayarin ba don wasa ya yi ba.

## Makon farko: hasashe daga kallo

Babban yaron shagon ya ɗauki hoto ya tura guruf ɗinsu na masu gyara a WhatsApp. Amsar da ta fi yawa ita ce na'urar rubuta EPROM ce, wato IC ɗin memori da ake rubuta wa firogiram, saboda koren soket ɗin, kowa a nan ya saba ganinsa. Wani ya ce na kwafar kaset ɗin gem ne. An kuma gwada neman hoton a intanet, abun da ya fito kawai masu sayar da irin soket ɗin ne, tunda fanel ɗin guda ɗaya wani ya haɗa don aikinsa babu inda hotonsa zai kasance.

Maganar EPROM ba ta daɗe ba ta faɗi. Na wancan zamanin irin 2716 da 2732 ƙafa 24 gare su, 2764 kuma 28, ba 40 ba, kuma rubuta su yana buƙatar wuta mai ƙarfi, bolt 25 ga 2716, daga baya aka sauko 21 da 12.5. A wannan fanel babu taransifoma, babu regileta, babu wani abu da zai ɗaga wuta, kuma babu hanyar da zai yi magana da kwamfuta a turo masa abun da zai rubuta. Abun da aka tsaya a kai a ƙarshen makon shi ne ƙafa 40 ɗin na furosesa ne, wato IC ɗin da yake ƙwaƙwalwar na'ura, kuma filogin wurin furosesa yake shiga a cikin wata na'ura.

## Mako na biyu: an saka Z80

Ɗaya daga cikin furosesa masu ƙafa 40 da suka fi yawo a tsofaffin kaya shi ne Z80 na kamfanin Zilog, wanda ya fito a 1976, kuma mai gyaran yana da guda a wani tsohon fanel da ke tashi lafiya. Ya ciro shi ya saka a soket, ya haɗa cajar waya mai bolt 5 a ƙugiyar +5 da G. Ba a yi minti ba ya ɗora yatsa ya ji zafi, ya zare. Da ya mayar da Z80 ɗin inda ya ciro shi fanel ɗin bai ƙara tashi ba.

Dalilin ya fito daga baya. Z80 a ƙafa ta 11 yake shan wuta, nagetif ɗinsa na ta 29. Wannan fanel kuwa ƙugiyar +5 ƙafa ta 8 take zuwa, G kuma ta 1 da ta 21. A jikin Z80 ƙafa ta 8 layin data ne, inda bayanai ke shiga da fita, ta 1 layin adireshi, wanda furosesa ke nuna wurin da zai karanta a memori da shi, ta 21 kuma ta siginar karatu, to an cusa masa wuta ta inda ba ƙofa ba an kuma danne ƙafafun da yake fitar da sigina zuwa nagetif. Ƙafa 40 dai duk 40 ce a ido, amma kowane kamfani da yadda ya raba nasa.

## Tsakiyar Disamba: an ajiye wuta an ɗauko mita

Akwai wani dattijo a Yelwa, tsohon malamin lantarki ne da ya yi ritaya, mai gyaran yana kai masa gaisuwa. Ya tafi masa da fanel ɗin. Malam ya juya shi gaba da baya ya ce, "Kai da ka san aiki, kar ka ƙara ba shi wuta sai ka san sunan kowace waya. Ɗauko mita, ka sa ta a ƙara."

Haka suka zauna a kan tabarma, Malam na riƙe da takarda da biro, shi yana taɓa ƙafafu mita na kuka. An rubuta 1 zuwa 40 a jere. Abu na farko da Malam ya nace a kai shi ne ƙirgan ƙafa, daga ɗan yankan da ke kan soket ake farawa ta hagu a sauka har 20, a tsallaka dama a hau daga 21 zuwa 40, kuma in ka juya bayan fanel komai ya juye, nan ne mutane suke ɓata.

Abun da aka samu: ƙafa 32 daga cikin 40 kai tsaye suke tafiya daga soket zuwa filogi, lamba da lamba. Guda 8 ne kawai, daga ta 26 zuwa ta 33, suke bi ta makunnan nan, in ka kunna su haɗu in ka kashe su rabu. Kuma a ɓangaren soket kowace ɗaya cikin takwas ɗin tana da rizisto ɗinta, 5 suna zuwa +5, 3 suna zuwa G. Ƙugiyar ST da SP duk biyun waya ɗaya ce zuwa ƙafa ta 25. CK tana ta 39.

Daga nan aka fara tankaɗe da ƙafafun wuta kawai. 8085 na Intel wutarsa a ta 40 nagetif a ta 20, ba shi ba ne. 8088 da 8086 su ma ta 40, nagetif a ta 1 da ta 20, kusa amma ba daidai ba. 8080 wuta kala uku yake so, +5 da -5 da +12, ya fita. 6809 na Motorola wutarsa a ta 7. Waɗanda suka rage masu wuta a ta 8 da nagetif a ta 1 da ta 21 guda biyu ne, 6800 na Motorola da 6502 na MOS Technology.

Kamannin nan yana da tarihi. Motorola ta fitar da 6800 a 1974, sai wasu injiniyoyinta, cikinsu har da Chuck Peddle, suka bar ta suka koma MOS Technology, a 1975 suka fito da 6501 wanda yake shiga soket ɗin 6800 kai tsaye, da ɗan uwansa 6502 a kan dala 25, lokacin da na sauran kamfanoni suka ninka haka sau da yawa. Motorola ta kai ƙara, aka janye 6501, 6502 ya ci gaba, shi ne a cikin Apple II da Commodore PET na 1977 da BBC Micro na 1981, kuma gem ɗin Nintendo da kwafe-kwafensa da muka buga muna yara furosesansu daga 6502 aka samo shi. Shi ya sa layukan adireshi da na data na 6800 da 6502 suke a ƙafafu iri ɗaya, kuma a dukkansu ta 26 zuwa ta 33 layukan data ne.

## Sati ɗaya da aka ɓata a kan 57

Malam ya bayyana cewa in an kashe makunnan, furosesa ya rabu da memori, duk inda ya je karatu abun da rizistocin suka ɗaure shi zai gani, wanda aka ja zuwa +5 shi ne 1 wanda aka ja zuwa G shi ne 0. Wato rizistocin nan umarni guda ɗaya suke rubutawa, kuma in aka karanta shi za a san harshen wane furosesa ne.

Yaron shagon ne ya rubuta lambar, ya fara daga ƙafa ta 33 ya gangara zuwa ta 26, ya samu 01010111, a lissafin heks, wato gajeren rubutun lambobin kwamfuta da 0 zuwa 9 da A zuwa F, 57 ke nan. Aka duba jadawalin 6502, 57 ba ya cikin umarnin da kamfani ya bayar. Aka duba na 6800, sai ga shi, 57 umarni ne na gaske mai suna ASRB, gajere ne, irin wanda furosesa zai iya ta maimaitawa yana wucewa gaba. Har an fara cigiyar inda za a samu 6800.

Abun da ya hana Malam natsuwa ƙugiyar CK ce, wadda sunanta ke nuna kulok, wato bugun da furosesa ke bi yana aiki taki-taki. A 6800 ƙafa ta 39 ba ta kulok ba ce, ta shigar da sigina ce ta wani aiki daban, kulok ɗinsa a ta 3 da ta 37 yake shiga. A 6502 kuwa ta 39 ita ce inda furosesa yake fitar da bugun da sauran kayan na'ura suke bi. Ya ce a koma kan lambar. Ashe D0, wato ƙaramin lamba, shi ne a ta 33, D7 babban kuma a ta 26, kuma babban ake fara rubutawa. Da aka karanta daga 26 zuwa 33 sai aka samu 11101010, wato EA. EA kuwa duk wanda ya taɓa 6502 ya san shi, shi ne NOP, umarnin da ke cewa kar ka yi komai wuce gaba. NOP na 6800 shi ne 01, na Z80 da 8085 kuma 00.

To yanzu aikin fanel ɗin ya fito. Ka cire furosesa daga na'urar da ta lalace, ka soka filogin a gurbinsa, ka saka furosesan a koren soket. Makunnai a kunne na'ura na aiki yadda ta saba. Ka kashe su, furosesa ya karanta NOP ya matsa adireshi na gaba, ya sake karanta NOP ya matsa, haka har ya zagaye adireshi 65,536 ya dawo farko, ko da memori ta mutu ko firogiram ya lalace ba ruwansa. Har da wurin farawa, 6502 in an tashe shi yana karanta adireshin FFFC da FFFD don ya san inda zai fara, a nan ma EA da EA zai gani, sai ya fara daga EAEA. Mai gyara ya samu layukan adireshi 16 suna kaɗawa cikin tsari da zai iya bi har kowane lungu na na'urar.

## Takardar da ke baya

Haruffan takardar sun daɗe suna damun kowa, don heks daga A zuwa F yake tsayawa, babu U babu P. Wani ɗalibin injiniya da ke zuwa wurin Malam ne ya bi sawunsu. Haruffan na wata na'ura ce da Hewlett-Packard ta fitar a 1977, HP 5004A, wadda take sauraron layi guda na wani lokaci ta dunƙule duk abun da ya wuce zuwa alama huɗu, kaman sa hannun layin. Sun zaɓi 0 zuwa 9 da A, C, F, H, P, U ne saboda a allon lambobi mai sanda bakwai B na rikicewa da 8 ko 6, D kuma da 0. Na'urar tana da wayoyi na START da STOP da CLOCK da nagetif, ga ST da SP da CK da G ɗinmu ke nan. An ɗaure ST da SP a ƙafa ta 25 ne saboda ita ce A15, layin adireshi mafi girma, zagayensa ɗaya daidai yake da zagaye adireshi gaba ɗaya.

Amfanin abun a wancan lokacin babba ne. Layin data na kwamfuta mai aiki in ka kalle shi a osiloskof hargitsi kawai za ka gani, ba ka iya cewa daidai ne ko ba daidai ba. Da wannan dabara kamfani zai buga alamomin kowace ƙafa a littafin gyara, kai kuma ka taɓa ka kwatanta, in sun saɓa ka bi baya har ka kai IC ɗin da abu mai kyau ke shiga mara kyau ke fita. Kuskuren bit guda ɗaya ba ya tsere mata, sauran kurakurai kuma tana kama kashi 99.998 cikin ɗari.

Babu irin wannan na'urar a hannunsu, amma cikinta ba sirri ba ne, rijista ce mai bit 16 da ake ɗebo martani daga na 7 da na 9 da na 12 da na 16. Ɗalibin ya rubuta ɗan gajeren firogiram da Python ya kwaikwayi lissafin, kowane adireshi bugu biyu tunda NOP na 6502 bugu biyu yake ci, jimla 131,072. Layin adireshi na farko, A0, ya ba da UUUU, A1 FFFF, A2 8484, A3 P763. Layin da yake 1 tun daga farko har ƙarshe ya ba da 0003. Nan aka gane ƙugiyar +5 ma ba don a ba fanel wuta aka yi ta ba, wurin taɓawa ne a ga 0003 a tabbatar an haɗa wayoyi daidai kafin a fara awo. Wutarsa daga na'urar da ake gyarawa yake sha ta filogi.

## Janairu: gwaji da 6502 na gaske

An yi odar 6502 ta intanet, mai harafin A wanda yake ɗaukar har megahaz 2, ya iso a tsakiyar Janairu hunturu na kan ganiyarsa. Iska ta bushe, riga na tartsatsi in ka cire, saboda haka Malam ya sa kowa ya taɓa ƙarfen ƙofa kafin ya taɓa IC ɗin, kuma aka bar shi a baƙin soso ɗinsa sai lokacin sakawa.

Tunda babu tsohuwar kwamfutar da za a soka filogin a ciki, sai aka soka shi a allon gwaji aka ba shi abun da kwamfutar za ta ba shi. Wuta daga pawa bank. Ƙafa ta 2 da ta 4 da ta 6, wato RDY da IRQ da NMI, aka ja su zuwa +5 da rizisto, ta 40 ta risit ita ma haka da ɗan maɓalli zuwa nagetif. Saura kulok a ƙafa ta 37.

Gwajin farko da IC 555 aka yi, mai fitar da bugu, an saita shi a hankali kaman bugu biyu a sakan don a ga fitilun da aka ɗora a layukan adireshi na ƙirga da ido. Fitilun suka yi ta kamawa barkatai babu tsari, har yaron shagon ya ce, "Oga, anya ba jabu aka turo mana ba?" Ba jabu ba ne. 6502 na asali irin NMOS ne, abun da yake riƙe da shi a ciki caji ne ɗan ƙanƙani da yake zurarewa in bugu ya yi jinkiri, dole a riƙa kaɗa shi da sauri, takardar bayanansa ma ta sa iyakar jinkirin da zai ɗauka.

Sai mai gyaran ya tono wani tsohon katin siriyal na kwamfuta ya cire osileta, wato abun da ke fitar da bugun kulok, mai gidan ƙarfe da ƙafa huɗu, an rubuta 1.8432 MHz a kai. Kafin a kunna aka yi lissafi a takarda: kowane adireshi bugu 2, A0 zai cika zagaye a bugu 4, wato kilohaz 460.8, kowane layi na gaba rabin na bayansa. Aka kunna aka danna risit. Mita a ƙafa ta 9 ta nuna 460.8, ta 10 ta nuna 230.4. A ƙafa ta 17, wato A8, lissafi ya ce haz 1,800, wanda kunne yana ji, sai aka ɗora ƙaramar sifika ta bayan rizisto, ta yi wani siririn kuka, aka matsa ta 18 murya ta sauka zuwa 900, ta 19 ta koma 450, ta 20 ta zama gurnani a 225. Fitilar da ke kan ƙugiyar ST tana ƙyaftawa sau 14 a sakan, lissafi ya ce 14.06. Duk layuka 16 aka bi, babu wanda ya saɓa.

## Abun da ya yi aiki da dalili

A ganina abun da ya warware lamarin nan mita ce da takarda da biro, kuma da su ya kamata a fara. Hoto bai yi aiki ba saboda kayan gwaji da yawa na wancan zamanin masu gyara ne suke haɗa abunsu a benci, ba su da suna balle a neme su. Saka Z80 kuwa caca ce, an zaɓe shi ne don shi ke kusa ba don fanel ɗin ya nuna shi ba, kuma awon ƙafa uku kacal, ta 1 da ta 8 da ta 21, da ya tsirar da shi. Wannan asarar tana min ciwo don Zilog ta sanar a 2024 cewa ta daina yin Z80 mai ƙafa 40, kowane guda da ya ƙone ragi ne.

Abun da na fi yabawa shi ne yadda Malam ya ƙi yarda da 57 duk da ta yi daidai da jadawali. Shaida ɗaya ce ta ce 6800, wata shaidar ta ƙi, bai danne ta biyun don a gama da wuri ba. A ƙarshe abubuwa huɗu ne suka haɗu a kan 6502, ƙafafun wuta, EA, kulok a ta 39, da awon da ya zo daidai da lissafin da aka rubuta tun kafin a kunna. Takardar baya ita kaɗai ba za ta raba gardama ba, don furosesa mai layin adireshi 16 da ke cin bugu biyu a kowane adireshi zai iya ba da alamomi iri ɗaya, abun da ta tabbatar shi ne irin aikin da aka yi fanel ɗin dominsa.

Mai gyaran ya rubuta 6502 da EA a sabuwar takarda ya manna a gefe, tsohuwar bai taɓa ta ba. Ya ƙara da gargaɗi guda, kar a saka W65C02S na zamani a ciki haka nan, don shi ƙafarsa ta 1 ba nagetif ba ce, sigina yake fitarwa ta nan, fanel ɗin kuma ya ɗaure ta da G, sai an ɗaga ƙafar kuma an ja ta 36 zuwa +5. Kuma ya gaya wa yaransa iyakar gwajin: in furosesa ya ƙirga lafiya a wannan fanel, an san yana karɓar kulok, yana karanta umarni, layukan adireshinsa 16 suna da rai, amma ba a gwada lissafinsa ba, ba a gwada rubutunsa zuwa memori ba, waɗannan sai an saka shi a na'ura mai aiki an kunna makunnan takwas.